Me ya sa kofin soda ba ya daidai da kofin khal?

Akwai wata shawara da ta karaɗe intanet, ana ta miƙa ta daga hannu zuwa hannu: idan bututun wajen wanke-wanke ya fara toshewa, a zuba masa kofi ɗaya na bekin soda, a bi shi da kofi ɗaya na ruwan khal. Kumfa ta taso tana ƙara, mai gida ya ji daɗi, a ce aiki ya yi. Kofi ɗaya da kofi ɗaya, a ido dai an yi raba-daidai. Sai dai idan aka zauna da biro da takarda, abin da zai fito daban ne. Khal ɗin da aka fi sayarwa kashi 5 cikin 100 ne kawai asid, sauran duk ruwa ne, saboda haka kofi mai cin mililita 240 bai ɗauke da abin da ya wuce giram 12 na asid ba. Iyakar sodar da wannan asid zai iya cinyewa giram 17 ce. Shi kuwa kofin soda nauyinsa ya haura giram 200. Ke nan fiye da kashi 90 cikin 100 na garin yana nan kwance a bututu, ko gezau bai yi ba. Da ana so a cinye shi duka, sai an tuttula masa khal wajen lita 3.

Ta yaya aka san giram 17 ne ba 50 ba, tun ba a gwada ba? Wannan shi ne aikin reshen ilimin sinadarai da ake kira sitoikiyometiri, wato lissafin yawan abin da kowane sinadari ke buƙata daga ɗan'uwansa kafin su haɗu, da yawan abin da za su haifar. Ɗalibai da dama sun tsane shi a aji, kuma ni a ganina laifin na yadda ake koyar da shi ne: ana fara shi da alamomi a kan allo, alhali a kicin da banɗaki ake yin sa kullum ba tare da an kira sunansa ba. A kan abu biyu ya ginu. Na farko Bafaranshen nan Antoine Lavoisier ya bayyana shi sarai a 1789, cewa idan sinadarai suka haɗu babu nauyin da ke ɓacewa, babu kuma wanda ke ƙaruwa, kama kawai ake sauyawa. Na biyu shi ne cewa haɗuwar tana da ƙayyadadden rabo. Bajamushe Jeremias Richter ya fara wallafa aikinsa a kan haka a 1792, bayan ya yi ta auna yawan asid ɗin da ke kashe kaifin alkali, wato sinadarin da yake kishiyar asid, irin su soda, kuma a cikin shekarun nan ne Joseph Proust ya nuna cewa kowane sinadari, ko daga ina aka samo shi, rabon abubuwan da ke cikinsa ba ya sauyawa.

Dalilin ƙayyadadden rabon shi ne sinadarai da ƙidaya suke haɗuwa, ƙwaya da ƙwaya. A ɗauki misalin wanda ya sayi kilo ɗaya na ƙusa mai zare da kilo ɗaya na noti. Nauyi ya zo daidai, amma idan ya zauna ɗaura kowace ƙusa da notinta, ƙusoshin za su ƙare ya bar tulin noti a gefe, domin kowane noti bai kai ƙusa nauyi ba. Idan yana so su zo cif, sai ya san nauyin guda ɗaya na kowanne, sannan ya auna gwargwadon haka. Ƙwayoyin sinadarai sun yi ƙanƙantar da ba mai iya ƙirga su, don haka aka ware wani adadi aka sa masa suna mol. Mol ɗaya ƙwayoyi 6.022 × 10²³ ne, wato 6 da sifili 23 a bayansa, har da ɗoriya. Adadin yana ba da tsoro, amma ba a buƙatarsa a lissafin gida. Abin da ake buƙata shi ne nauyin mol ɗaya na kowane sinadari, shi kuma tarawa ce kawai.

Ga yadda ake yi. Mol ɗaya na haidirojin nauyinsa giram 1 ne, na kabon 12, na oksijin 16, na sodiyam 23, na kalsiyam 40. Bekin soda, NaHCO₃, tana da sodiyam ɗaya, haidirojin ɗaya, kabon ɗaya da oksijin uku: 23 da 1 da 12 da 48, jimla 84. Ke nan mol ɗaya na soda giram 84 ne. Asid ɗin cikin khal, CH₃COOH, yana da kabon biyu, haidirojin huɗu, oksijin biyu: 24 da 4 da 32, jimla 60. Haɗuwarsu kuwa ɗaya da ɗaya ce:

NaHCO₃ + CH₃COOH → CH₃COONa + H₂O + CO₂

Giram 84 na soda da giram 60 na asid suna ba da giram 82 na wani gishiri mai suna sodiyam asitet, da giram 18 na ruwa, da giram 44 na iskar kabon dayoksaid. A tara ɓangaren hagu, 144. A tara na dama, 144. Maganar Lavoisier ce ta fito a fili.

Daga nan sauran lissafin mai sauƙi ne. Ƙaramin cokali na soda nauyinsa wajen giram 5 ne. A raba 5 da 84, a sami mol 0.06. To asid ma mol 0.06 ake buƙata, a ninka da 60, ya ba da giram 3.6, wanda ake samu a cikin kimanin mililita 70 na khal. Iskar da za ta fita ita ma mol 0.06 ce, wato giram 2.6. Da yake mol ɗaya na kowace iska yana cin wajen lita 24 a yanayin ɗaki, wannan ɗan cokalin zai fitar da iska kusan lita ɗaya da rabi. Wanda ke da sikelin kicin mai nuna giram zai iya ganin abin da idonsa. Ya ɗora babban kofin gilashi da mililita 100 na khal, ya ajiye giram 5 na soda a kan takarda a gefensa duk a kan sikelin, ya rubuta nauyin, sannan ya riƙa zuba garin kaɗan-kaɗan. Kumfa za ta hau ta sauka, gilashin zai yi sanyi a tafin hannu domin haɗuwar tana zuƙe zafi, lambar da ke kan sikelin kuma za ta riƙa raguwa har ta sauka da wajen giram 2. Ba za ta kai 2.6 nan take ba, saboda wani kaso na iskar yana narke a cikin ruwan, sai an juya shi an ba shi lokaci. Lissafin nan kuma shi ke nuna haɗarin rufe haɗin a cikin kwalba: lita ɗaya da rabi na iska a cikin kwalbar rabin lita na iya ninka matsin da ke ciki sau uku ko fiye.

A nan ne kuma mutum zai lura da wani abu game da masu haɗa soda da khal don goge-goge. Idan an auna su cif, abin da ke saura ruwa ne da ɗan gishiri, ba tsami ba kaifi. Soda ita kaɗai tana taimakawa wajen kankare maiƙo, khal shi kaɗai yana narkar da farin ɓawon da ruwa ke bari a jikin famfo. An haɗa su, kowanne ya kashe ɗan'uwansa, an yi aikin baban giwa. Gara a yi amfani da su ɗaya bayan ɗaya.

Ba kowane asid ne ke tafiya ɗaya da ɗaya ba, kuma nan ne gizo ke saƙar ga wanda ya haddace lamba bai fahimci dalili ba. Asid ɗin sitirik, wanda ke cikin lemun tsami, mol ɗinsa giram 192 ne, ya ninka na khal sau uku da ɗoriya. Amma kowace ƙwayarsa tana iya cinye ƙwayar soda uku, don haka giram 192 nasa na buƙatar giram 252 na soda. Idan aka raba 192 gida uku za a sami 64, kusa da 60 ɗin khal. Shi ya sa ruwan lemun tsami da khal suka yi kusan kunnen doki wajen ƙarfi, tun da shi ma ruwan lemun wajen kashi 5 cikin 100 ne asid. Farin ɓawon cikin butar dafa ruwa kuma akasin haka ne. Kalsiyam kabonet ne, CaCO₃, mol ɗinsa giram 100, kuma kowace ƙwayarsa sai ta sami ƙwayar asid ɗin khal biyu. Giram 10 na ɓawo na buƙatar giram 12 na asid, wato kofi guda cur na khal. Wanda ya zuba cokali biyu ya ce khal ba ya aiki, asid ɗin ne ya ƙare tun ba a je ko'ina ba. A irin wannan aiki rarar asid ake so, domin ƙarshen haɗuwar tafiyar hawainiya yake yi idan asid ya yi ƙaranci, abin da ya saura kuma ɗauraya ce ke fitar da shi.

Wannan batu na rara shi ne, a wurina, zuciyar maganar duka. A littafin makaranta ana neman amsar da komai zai ƙare tare. A gida kuwa da wuya a so hakan. Kusan kullum ɗaya ne ke fara ƙarewa, shi ne kuma ke yanke yawan abin da za a samu, ɗayan ya saura. Amfanin lissafin shi ne a san inda daidaiton yake, sannan mutum ya zaɓi da gangan wane gefe zai bar rarar, gefen da ba ta cutarwa.

Mai gasa kek ya san ɗanɗanon rarar da ta faɗa gefen da bai dace ba. Idan soda ta sami asid a cikin kwaɓi, daga madara mai tsami ko ruwan lemu, kowace ƙwayarta tana ba da ƙwayar iska ɗaya. Idan ba ta samu ba, zafin tanda ne ke fasa ta, kuma a wannan hanyar sai ƙwaya biyu sun haɗu kafin su ba da iska ɗaya, su kuma bar sodiyam kabonet a baya. Iska ta ragu da rabi, ga kuma wannan ɗanɗano mai kama da sabulu. Shi bekin hoda an riga an yi masa lissafin tun daga masana'anta: soda ce da garin asid daidai da ita, da sitaci mai hana su jiƙewa, kuma sodar cikinsa ba ta wuce kashi ɗaya cikin uku ba. Wanda ya maye gurbin cokalin bekin hoda da cokalin soda ya zuba ninki uku ko huɗu, babu kuma asid ɗin da zai tare ta. Wannan fashewar da zafi ke yi ma ana iya auna ta: a shimfiɗa giram 100 na soda a faranti, a gasa a tanda mai zafin digiri 200 na wajen awa ɗaya, nauyin zai sauka ya tsaya a giram 63, domin giram 168 na soda giram 106 na kabonet suke bari.

Inda lissafin ya zama dole, ba zaɓi ba, shi ne haɗa sabulu. Hausawa na cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima, kuma a girki gaskiya ne. A gaban kostik soda kuwa, wato sodar sabulu mai ƙona fata wadda ta bambanta da bekin soda, ido bai san komai ba. Tun 1823 Bafaranshe Michel Chevreul ya bayyana cewa mai da kitse haɗi ne na gilisarin da asid ɗin maiƙo. Kowace ƙwayar mai tana riƙe da asid uku, don haka sai ta sami ƙwayar kostik soda uku kafin ta rikiɗe ta zama sabulu, ta saki gilisarin. Kostik soda, NaOH, mol ɗinta giram 40 ne, uku ke nan giram 120. Babban sinadarin da ke cikin man zaitun mol ɗinsa wajen giram 885 ne. A raba 120 da 885, a sami 0.135. Wato kowane kilo na man zaitun yana buƙatar kimanin giram 135 na soda.

To a sauya mai a ga abin da zai faru. Man kwakwa kusan rabinsa asid ɗin lorik ne, mai jerin kabon 12, alhali na zaitun mai jerin 18 ne. Ƙwayoyinsa sun fi gajarta, sun fi sauƙin nauyi, saboda haka sun fi yawa a cikin kilo ɗaya, kuma kowace na neman sodarta uku. Kilo ɗaya na man kwakwa yana cin wajen giram 183. Idan mace ta karɓi ma'aunin da aka tsara don man kwakwa, ta ga ba ta da shi ta sa man zaitun a madadinsa, ta bar kusan giram 50 na kostik soda zalla a cikin sabulun, ba man da zai cinye ta. Wannan sabulu zai yi tauri, ya yi kyau a ido, ya kuma ƙona fatar duk wanda ya yi wanka da shi, yara sun fi shan wahala. Idan aka juya, aka sa man kwakwa a ma'aunin zaitun, sai a sami sabulu mai laushi da maiƙo wanda ke saurin yin wari. Abin da ke damuna shi ne yadda ake yaɗa ma'aunin sabulu da kofi da gwangwani, a ce "mai kaza, soda kaza", ba a ma faɗi irin man ba. Kostik soda mai ɓarzaza da mai ƙanana kamar sukari ba sa cika kofi da nauyi ɗaya, sikeli ne kaɗai ke raba gardama.

Masu sana'ar da suka san aikinsu ba sa tsayawa a kan lambar cif. Suna rage sodar da wajen kashi 5 cikin 100, su sa giram 128 maimakon 135, don a bar ɗan man da bai zama sabulu ba. Dalili kuwa shi ne waɗannan lambobi matsakaita ne. Man zaitun na bana ba lallai ya zo daidai da na bara ba, sikeli na iya kuskure da giram ɗaya ko biyu, kuma idan kuskuren zai faɗa wani gefe, gara ya faɗa gefen mai. Akwai kuma abin da lissafin takarda ba ya gani: kostik soda tana shan laimar iska, tana kuma haɗuwa da kabon dayoksaid, don haka wadda ta daɗe a buɗe wani kaso na nauyinta ba soda ba ce. Mai son sabulun ruwa kuma da fotash yake aiki, KOH, mai mol giram 56, sai ya ninka ma'aunin da 1.4, ya kuma duba tsaftar da aka rubuta a jikin mazubin, domin sau da yawa kashi 90 ce cikin 100. A duk hali soda ake zubawa cikin ruwa, ba ruwa a kan soda ba, da safar hannu da tabarau, kuma ba a cikin tukunyar alminiyam ba, domin soda tana cin ta tana fitar da iskar haidirojin mai kama wuta.

Akwai haɗin da ake yi a kowane gida sau biyu ko uku a rana, kuma ɗaya daga cikin sinadaransa ba a ganinsa, shi ya sa ake mantawa da shi. Wuta ke nan. Butan, ɗaya daga cikin iskokin da ke cikin tukunyar gas ɗin girki, yana ƙonewa kamar haka:

2C₄H₁₀ + 13O₂ → 8CO₂ + 10H₂O

Mol ɗin butan giram 58 ne, don haka kilo ɗaya mol 17 ne da ɗoriya. Kowane mol yana buƙatar mol 6.5 na oksijin, jimla wajen mol 112, wato kilo 3.6. Da yake oksijin kashi 21 ne kawai cikin 100 na iskar da muke shaƙa, kilo ɗaya na gas sai ya sami iska wajen lita 13,000 kafin ya ƙone tas. Abin da zai bari kuwa kilo 3 na kabon dayoksaid ne da fiye da kilo ɗaya da rabi na tururin ruwa, wanda shi ne ke jiƙa gilashin taga idan an daɗe ana girki a rufe. Gawayi ma haka: giram 12 na kabon na neman giram 32 na oksijin, kilo ɗaya ke nan yana neman iska kusan lita 10,000.

Idan iska ta wadata, harshen wutar gas shuɗi ne, gindin tukunya kuma tas. Idan ramukan murhu suka toshe ko ɗaki ya rasa mashigar iska, oksijin ya zama shi ne mai fara ƙarewa. Wutar ba ta mutuwa nan take, sauya hanya take yi: kabon ya riƙa ɗaukar oksijin ɗaya maimakon biyu, ya zama kabon monoksaid. Harshen ya koma ruwan ɗorawa, tukunya ta fara baƙi. Ita wannan iska ba ta da launi, ba ta da wari, kuma tana manne wa jan sinadarin jini fiye da yadda oksijin ke yi sau 200 ko fiye. Ko da ba ta kai kashi 1 cikin 100 na iskar ɗaki ba, ta isa ta yi kisa, alamominta na farko kuma ciwon kai ne da jiri da kasala, irin waɗanda mutum zai ɗauka gajiya ce ya kwanta. Saboda haka a harkar wuta rarar iska ake bari, mai yawa, kuma garwashi da janareta ba su da wurin zama a ɗakin da aka rufe.

Saura haɗin da ba shi da rabon da ya dace ko kaɗan. Ruwan bilic yana ɗauke da sodiyam haifokulorait, kuma alkalin da aka sa a ciki ne ke riƙe da shi lafiya. Da zarar ya gamu da asid, ko khal ne, ko ruwan lemu, ko maganin wanke masai, sai ya saki iskar kulorin mai ƙona ido da huhu. Idan ya gamu da amoniya, wadda ke cikin wasu magungunan goge gilashi, sai ya ba da kuloramin, ita ma guba ce. Ka'idar nan ta lita 24 a kowane mol tana aiki a kansu kamar yadda ta yi a kan cokalin soda: ruwa kaɗan a gindin bokiti, iska mai yawa a ɗan ƙaramin banɗaki. Rage ɗaya daga cikinsu rage yawan gubar kawai yake yi, ba ya hana ta fita. Idan an wanke wuri da ɗaya, a ɗauraye shi sosai da ruwa kafin a kawo ɗayan. Idan kuma an riga an haɗa bisa kuskure, kada a tsaya ƙoƙarin kashe shi da wani sinadarin. A fita, a fitar da yara, a bar ƙofa da taga a buɗe, wanda tari ko ƙuncin numfashi ya kama shi kuma a kai shi asibiti ba tare da jira ba.